Daga kube zuwa aljihu: tarihin ƴar wuƙa mai naɗewa, da irin wadda ta cancanci ɗauka

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole a Damagaram, ko Katako a Yamai, ya ga teburan nan da ake baje ƴan wuƙaƙen aljihu, kusa da tocila da kwaɗo da abin yankan farce. Wata da hoton kunama, wata da maɓallin da in ka taɓa sai ta yi tsalle ta buɗe da ƙara, wata kuma da kai goma kamar ƙaya. Mutum ya tsaya ya rasa wadda zai ɗauka, daga ƙarshe ya ɗauki wadda ta fi walƙiya. Bayan wata biyu ƙusar ta saki, ruwan wuƙar na lilo, ko ta rufe mishi a kan yatsa yana cikin yankan igiyar buhu. To wanga abu yana da tarihi, kuma tarihin nashi ya riga ya tace muna waɗanda sunka jure da waɗanda sunka faɗi.

Mu dai a ƙasar Hausa wuƙa ba baƙuwa ba ce, amma tamu ba ta naɗewa. Maƙeri ya ƙera ruwa, ya sa ƙota, baduku ya ɗinka kube da jar fata ko baƙa. Matafiyi ya ɗaura ta a damtse ƙarƙashin hannun riga, irin yadda Buzaye ke ɗaura tasu har gobe. Mahauci da tashi, wanzami da askarshi, manomi da wadda yake yankan hatsi. Kuma kada wani ya ce rashin iyawa ne ya hana maƙeranmu yin mai naɗewa. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, cikin ƙarni na 19, maƙeran Zinder har igwa sunka zuba, anka haɗa albarushi a cikin gari. Wanda ya zuba igwa ba ƙusa ɗaya da ƙota za su gagare shi ba. Buƙatar ce babu: kube yana aikinshi, damtse yana aikinshi. Wani abin sha'awa ma, aikin allura da ake yi a kan aljihun babbar riga sunanshi aska biyu ko aska takwas. Ke nan wuƙa ta hau kan aljihun Bahaushe tun kafin ta shiga cikinshi.

A can Turai kuwa abin ya daɗe. An tono wata wuƙa mai naɗewa, mai ƙotar ƙashi, a Hallstatt cikin ƙasar Otirish, wadda masana sunka ce ta kai shekara 500 zuwa 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Rumawa ma sun yi ta amfani da irinta. Duka waɗannan ƙusa ɗaya ce ke riƙe da su, matsewar ƙota ce kawai ke hana ruwan rufewa. Sai wajen ƙarni na 17 maƙeran Ingila da Faransa sunka fara sa wani ƙarfe a bayan ƙota mai danne gindin ruwan, abin da makanikanmu ke kira resor. Shi ke sa ka ji “ƙwas” in wuƙar ta buɗe ko ta rufe.

Garin da ya kamata mu riƙe sunanshi shi ne Thiers, a tsakiyar Faransa, ana faɗin Tiyer. Ƙaramin gari ne a kan tudu, da wani gulbi mai ƙarfi, Durolle, da ke juya duwatsun wasa wuƙa. Har yanzu mafi yawan wuƙaƙen da ake ƙerawa a Faransa daga nan suke fitowa. Masu wasa ruwan wuƙa a da kwanciya suke rubda ciki a kan katako, dutsen na juyawa ƙarƙashinsu, ruwan sanyi na fantsama, yini guda. Saboda tsananin sanyi, kowa da karenshi da ke kwanciya a kan ƙafafunshi yana ɗumama shi. Akwai tsoffin hotunansu, duk wanda ya gani sai ya girgiza kai. Da yawansu ƙurar dutse ce ta cinye musu huhu.

A wanga gari ne, a 1929, wani mai masana'anta, Gaspard Cognet, ya fito da wuƙar da ya sa ma suna Douk-Douk. Sunan ya yi kama da namu “duk-duk”, amma babu dangantaka. Sunan wani dodo ne na mutanen tsibiran Melaneziya, can cikin tekun Pasifik, dodon ƙungiyar asiri, mai dogon kai kamar malfa da jiki lulluɓe da ganye. Cognet bai taɓa zuwa can ba. A cikin ƙamus mai hotuna ya ga zanen, ya buga shi a jikin ƙota, da niyyar ya sayar ma mutanen tsibiran. Kasuwar ba ta karɓa ba. Sai ya juya da kayanshi zuwa Afirka ta Arewa, kuma nan ne wuƙar ta samu gida. Daga Aljeriya da Maroko da Tunisiya ta gangaro ƙasashen baƙar fata da Faransa ke mulka, a lokacin da manyan gidajen ciniki irin su CFAO da SCOA ke sayen gyaɗa da fatu suna sayar da atamfa, sukari, tasoshi da kayan ƙarfe.

Ku dubi yadda anka yi ta, don nan darasin yake. Abu shida ne kacal: ruwan wuƙa, ƙota, resor, ƙusa biyu, da ɗan zoben ratayewa. Ƙotar ba itace ba ce, ba ƙaho ba, falle ɗaya ne na ƙarfe anka lanƙwasa shi biyu. Saboda haka ba ta kumbura, ba ta tsagewa, gara ba ta ci, kuma shafal take, kaurinta bai kai na ɗan yatsa ba, ta kwanta a aljihu ba wanda ya san da ita. Babbar, mai tsawon santimita 20 in an buɗe, nauyinta wajen giram 70 ne. Ruwan kuma baƙin ƙarfe ne irin wanda ake cewa karbon, mai ɗaukar kaifi kamar aska, wanda ko a bakin dutsen niƙa ka goga shi zai dawo. Ba maɓalli, ba makulli. Resor ɗin ne mai ƙarfi, har sabon shiga kan ji tsoron rufe ta.

Da kamfanin ya lura Musulmi da yawa ba su son ɗaukar abu mai hoton dodo a aljihu, balle su shiga masallaci da shi, sai ya fito da wata ƙirar mai farar ƙota ya sa mata suna El Baraka. Kun san abin da anka buga a jikinta madadin dodon? Alamar nan ta maƙeran azurfa na Abzin, croix d'Agadez. Ke nan akwai wuƙar da anka ƙera a tsakiyar Faransa, anka sayar a Aljer da Kazablanka, tana ɗauke da tambarin Agadas. Ni dai a ganina wanga ya isa a koya ma yara a lakwal, ko don su san kayanmu sun yi tafiya, ko da ba mu munka ci ribar ba.

Amma Douk-Douk tana da baƙin shafi. Lokacin yaƙin ƴancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, arharta da sauƙin ɓoyonta sun sa ta zama makami. In anka buɗe ta anka doke bakin ƙotar da guduma ko dutse, ruwan ba ya sake rufewa, ta zama wuƙar suka. An yi kisa da ita, an yi ma mutane lahani a fuska da ita. Har hukumomin Faransa sunka sa ta cikin kayan yaƙi, sunka hana kai ta Aljeriya, sunka kwashe wadda ke cikin kantuna. Wuƙar da makiyayi ke fere sanda da ita ke nan. Za mu dawo kan wagga magana.

Ta biyu ita ce wadda duk wanda ya yi zama da Nasara, ko ya yi aiki da masu yawon buɗe ido a Agadas, ya sani: Opinel. A 1890 wani saurayi ɗan gidan maƙera, Joseph Opinel, a wani ƙauye cikin duwatsun Savoie, ya fara ƙera ta don manoma da makiyayan yankinsu. Mahaifinshi maƙerin gatari da lauje ne, bai so injina ba, ɗan ne ya matsa. A 1897 ya jera ta girma goma sha biyu, daga lamba 1 zuwa lamba 12. A 1909 ya yi rajistar tambarinshi, hannu da kambi a bisa, wanda har yau ake bugawa a jikin ruwan. Shekara 65 wuƙar ta yi ba ta da makulli ko kaɗan, ƙusa ɗaya da matsewar itace, kamar ta Rumawa. Sai a 1955 ɗanshi Marcel ya ƙara wani zoben ƙarfe a wuyan ƙota, wanda in ka murɗa shi ruwan ba ya rufewa. A 2000 anka gyara zoben yadda zai kulle ta ko tana rufe, don kada ta buɗe cikin aljihu. Waɗannan gyare-gyare biyu dukansu don kare yatsa da cinya anka yi su, ba don ado ba. A 1985 gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan ya sa ta cikin abubuwa 100 da sunka fi kyawun ƙira a duniya, tare da mota Porsche da agogon Rolex. Wuƙar talaka ce fa.

Lamba 8 ita ce aka fi saye: ruwa santimita 8 da rabi, nauyi wajen giram 45. Ku gwada da wayar da ke hannunku, wadda galibi ta kan kai giram 180 zuwa 200. Sai dai Opinel tana da hali, kuma a ƙasarmu halin ya fi fitowa. Ƙotar itace ce. Da damina, ko in ka wanke ta, ko zufar bazara ta jiƙa aljihu, itacen kan kumbura ya riƙe ruwan gam, ka yi ta ja da farce har farcen ya karye. Mutanen Savoie suna da dabararsu: ka riƙe ta ta wuya, ka buga ƙarshen ƙotar a kan tebur ko dutse, sai tsinin ya leƙo ka kama. Da hunturu kuma akasin haka, itacen ya bushe ya saki, wuƙar ta riƙa buɗewa da kanta in ba ka murɗa zoben ba. Wanda ke aiki cikin ruwa, mai lambu a gulbin Maraɗi ko masunci a Madarunfa, ƙotar ƙarfe ko ta roba ta fi mishi.

Ta uku, ja mai farin gicciye, ta sojan Suwis, wadda waɗanda sunka kalli MacGyver ba za su manta ba. Asalinta buƙatar soja ce: a 1891 anka raba ma sojojin Suwis wuƙa mai abin kwance bindiga da abin buɗe gwangwani. Dubu 15 na farko ma daga Jamus anka sayo su, kafin Karl Elsener ya karɓi aikin a garin Ibach. A 1897 ya fito da ta hafsoshi, wadda ta fi sauƙi. Sunan Victorinox ya zo a 1921, haɗin sunan mahaifiyarshi Victoria da inoks, ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda anka gano a Sheffield ta Ingila a 1913. Wuƙa ce ta ƙwarai, ba musu. Amma ita ce ta buɗe ƙofar gasar yawan kai. Ƴar ƙaramar da ake ratayawa jikin makulli giram 21 ce. Matsakaiciya wajen giram 60. SwissChamp, mai aiki 33, giram 185, ta kai nauyin waya. Kamfanin Wenger ma ya taɓa yin wata mai kai 87 da ta haura kilo guda, wadda ba aljihun da zai ɗauka. Tambayi duk mai irin wagga wuƙa kai nawa yake amfani da su, zai ce maka ruwa, almakashi, da abin kwance ƙusa. Sauran kaya ne kawai yake dako. Abin buɗe kwalbar giya kuwa, da ke jikin da yawansu, galibinmu sai dai mu kwance ƙullin igiya da shi.

Yanzu mu dawo teburin kasuwa. Mafi yawan abin da ke bisa daga Sin yake, kuma akwai gari guda, Yangjiang, da ya shahara da ƙera wuƙa da almakashi. Ba a ce duk abin da ya fito can banza ne ba, suna yin masu kyau ƙwarai ga wanda ya biya. Amma ɗan kasuwar da zai cika kwantena ya kawo ta Lome ko ta Kano mafi arha yake nema, shi ya sa ake samun ƙarfe mai taushi da ke dakushewa daga yanka kwali biyu, da makullin da ke kama da makulli amma ba ya riƙewa. Makullin ƙarya ya fi rashin makulli haɗari. Mai Douk-Douk ya san tashi ba ta kulle, yana kiyayewa. Mai makullin ƙarya ya yarda da shi, ya danna da ƙarfi, sai ruwan ya dawo kan yatsu huɗu. Ga kuma ƙurarmu. Duk wuƙa mai maɓalli da ƙananan resor a ciki, rairayi na shiga sau ɗaya ta fara ƙugi, ba kuma mai buɗe ta ya gyara. Jika biyu yau, jika biyu bayan salla, kafin shekara ka biya kuɗin ta ƙwarai ba ka riƙe ta ba.

Saboda haka in ka tsaya saye, buɗe ta ka kama ruwan ta baya ka girgiza hagu da dama. In yana motsi, aje ta. Rufe ta ka shafa yatsa a bakin ƙota: in tsinin ya leƙo waje, zai huda aljihu, wata rana ya huda cinya. In mai makulli ce, kulle ta ka danna bayan ruwan a jikin katako, yatsunka nesa da hanya, ka ga ko zai saki. Dubi kaurin ruwan: siriri shi ke yanka, mai kauri da haƙora da ramuka don ido anka yi shi. Ruwa santimita 6 zuwa 8 ya ishe ka fere alƙalamin allo, gyaran asawaki, yankan rake da kilishi, ɓare mangwaro, fere wayar lantarki, yanke igiyar guga. Nauyi kuma in ya wuce giram 80 ko 90, aljihun shadda ko na yadi zai fara zazzagowa gefe guda, kuma ba a jima ba za ka fara barin ta gida. Sunan da ke jiki kada ya ruɗe ka. Laguiole, misali, sunan ƙauye ne a Faransa, shekara da shekaru kowa na iya buga shi, shi ya sa da yawa masu ɗauke da shi daga Sin da Pakistan suke. Opinel ta gaskiya kuwa tana da hannun nan mai kambi a ruwa, da lambarta a jikin zobe.

Kada a haɗa ta da wuƙar yanka. Ranar layya za ka ga wani ya zaro ƴar aljihu zai taimaka, a'a. Yanka yana son doguwar wuƙa tsayayya mai kaifi, don kada a wahalar da dabba. Ta aljihu sai in an zo ƴan gyare-gyaren nama.

Na ce za mu dawo kan baƙin shafi. Abin da ya samu Douk-Douk a Aljeriya ya samu wata, Okapi, wadda Jamusawa sunka fara ƙerawa a Solingen a 1902 don kasuwar Afirka, anka mai da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. Wuƙar manoma da ma'aikata ce, amma ƴan ta'addar unguwannin Johannesburg da na Kingston ta Jamaika sunka ɓata mata suna, har ya zama ganinta a aljihunka kawai ya isa a tuhume ka. Mu ma ba mu tsira ba. Wanda ya ga fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya ga tabon wuƙa a jikin samarin Kara-Kara, ya kuma ji daga bakinsu yadda sunka samu kansu a ciki da yadda wasu ke faman fita. Shi ya sa siffar wuƙar da za ka ɗauka ba ƙaramar magana ba ce. In jandarma ko ɗan sanda ya laluba aljihunka a shinge da dare ya samu ƴar wuƙa mai ƙotar itace da ɗaurin makullai, magana ɗaya ce. In ya samu baƙa mai maɓalli, mai baki biyu, da hoton ƙoƙon kai, wata maganar ce daban, ko da kai mangwaro kake ɓarewa da ita. Kuma ga ƙannenmu na fada da masu kabu-kabu da ke cewa don tsaron kai suke ɗauka: faɗan da zai ƙare da zagi da rabiya, in akwai wuƙa a aljihu, sau da yawa ɗaya asibiti yake kwana, ɗaya kaso. Iyaye kuma su riƙa duba jakar lakwal.

Matafiya ta jirgi, musamman maniyyata, ku sa ta cikin babban kaya, kada ku bar ta a aljihu ko jakar hannu, don a filin jirgin Diori Hamani ko na Jidda karɓewa za a yi, ba kuma za ta dawo ba. Tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka anka tsaurara wagga doka, har cinikin wuƙar Victorinox ya faɗi da wajen kashi 30 cikin 100, abokin gasarsu Wenger kuma ya durƙushe sunka saye shi a 2005.

Saura zaɓi tsakanin karbon da inoks, wanda a kanshi ake yawan gardama a majalisa. Karbon ya fi saurin ɗaukar kaifi, ya fi sauƙin wasawa, amma da ka yanka albasa ko lemun tsami zai yi duhu. Wanga duhu ba lahani ba ne, yana ma kare shi. Jan tsatsa shi ne abokin gaba, kuma da damina kwana biyu cikin jiƙaƙƙen aljihu sun isa. Inoks ba ruwanshi da wanga duka, sai dai mai arha daga cikinshi ba ya riƙe kaifi. Wanda ya san shi ba mai goge wuƙa ba ne, ya ɗauki inoks na kamfanin ƙwarai. Wanda zai iya share ta a gefen riga bayan aiki, ya ɗiga mata man gyaɗa a gindin ƙusa sau ɗaya a wata, karbon ta fi mishi daɗin aiki. Wajen wasawa kuma kada a kai ta ga injin mai walda, zafin kan ƙone bakin ya kashe ƙarfen. In babu dutse a kusa, kifa kofin tangaran, zoben nan na gindi da ba a shafa ma ƙyalli ba, ka jiƙa shi, ka goga kowane gefe sau goma, bakin a kwance kamar za ka fere kofin.